LAMBUN GIDA A KWANAKIN ƊARI

Darasi domin Hakimai da Malamansu

1. Abin da darasin ya ƙunsa

Idan kaka ta wuce, aka zuba gero da dawa a rumbu, aka ɗora harawa bisa itace, mutane da yawa sukan ɗauka aikin ƙasa ya ƙare ke nan sai wata damina. Daga nan sai ɗari ya sauko, hazo ya rufe gari, kowa ya nemi bargo da bakin murhu. Wanda ya leƙa bayan gida a wannan lokaci zai ga ganye ya zube, ciyawa ta bushe, ƙasa ta yi fari, har ya ce babu sauran rai a wurin. Amma ba haka al'amarin yake ba. Kwanakin ɗari su ne daminar mai lambu. Tumatir da albasa da karas da kabeji da latas ba su da wani lokaci da suke so a ƙasar Hausa kamar wannan, kuma lokacin gajere ne, bai wuce wata uku da 'yan kwanaki ba. Gidan da ya ci moriyarsa zai sha miya mai kyau har faɗuwar ruwa. Gidan da ya yi sakaci kuwa zai shiga bazara yana sayen kayan miya da tsada, idan kuɗi suka gaza kuma, yara ne za su fara jin abin a jikinsu.

Saboda haka aka shirya wannan darasi, domin hakimai da malamansu su san dalilin kowane aiki na lambu a wannan lokaci, su kuma iya bayyana shi ga dagatai da masu unguwanni.

2. Inda ɗari ke fitowa

A watan Disamba rana takan karkata kudu iyakar karkatarta, watau wajen ranar 21 ga wata. A Kano yinin wannan lokaci bai kai awa goma sha ɗaya da rabi ba, alhali kuwa a watan Yuni yakan kusa awa goma sha uku. A kwanakin nan ne iska ke juyowa daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara, ta iso a bushe. Ita ce hunturu. Yawancin ƙurar da take ɗaukowa daga wani kwari ne mai suna Bodele, a arewacin ƙasar Chadi, inda a zamanin da akwai babban tabki, ya ƙafe ya bar laka mai laushi kamar gari.

Da yake iskar ba ta da laima, kuma babu gizagizai da za su rufe sama, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tsere da dare. Shi ya sa a Kano, cikin Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan sauka wajen digiri 13 ko 14 a ma'aunin Salshiyas, wani dare ma ya fi haka sauka, da rana kuma zafi ya tsaya wajen digiri 29 ko 30. A watan Afrilu kuwa zafin rana yakan kai digiri 38 ko fiye, dare ma ba ya yin sanyi. Wannan bambanci shi ne tushen dukan abin da za a faɗa a gaba.

3. Abin da ido ke gani a lambu

Mai lambu da ya fito da sassafe zai tarar da kuka ta tuɓe ganyenta, ta tsaya tsirara da 'ya'yanta suna reto. Ba mutuwa ta yi ba, tattalin ruwan jikinta take yi, gama ta ganye ne itace ke zubar da ruwa. Gawo kuwa ya saɓa wa 'yan'uwansa: da damina ya kaɗe, yanzu da kowa ya bushe shi ne ya yi kore shar, awaki na zaman jiran 'ya'yansa a gindi. Mangwaro ya fara fure, ƙudan zuma na ta kai da kawowa a kansa da hantsi. Tsamiya da magarya sun nuna. Zogalen da ke kusa da wurin wanke-wanke yana nan da ganyensa.

Haka kuma halittu ƙanana kowace ta sami dabararta. Ƙadangare ba ya fitowa sai rana ta taɓa bango, domin jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa. Kwaɗo ya nutse cikin danshin ƙasa a gindin randa ko bakin rijiya, yana jiran ruwan farko. Shamuwa ta yi kudu tun ƙarshen damina, ta bar sheƙarta a kan itacen ƙofar gida. A madadinta kuma baƙin tsuntsaye sun iso daga Turai, sun gudo wa ɗarin da ya fi na nan tsanani nesa ba kusa ba. Dubbansu sukan sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, ƙanana daga cikinsu kuma sukan shigo lambuna suna tsince ƙwari.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke zaman banza. Wanda ya yi shiru tanadi yake yi, wanda ya yi fure kuwa ya riga ya shirya wa bazara. Mai lambu ma haka ya kamata ya zama.

4. Dalilin da ya sa kayan lambu ke son sanyi

Tumatir ba ya ƙulla ɗa sai furensa ya sami sanyin dare. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin furen yakan lalace, furen ya bushe ya faɗo. Sai a ga tsiro ya yi ganye kyakkyawa, amma babu 'ya'ya. Latas idan ya ji zafi sai ya miƙe ya yi tsawo, ya fid da fure, ganyensa ya yi ɗaci. Kabeji ba ya naɗe kai da kyau. Karas yakan yi gajere, ya rasa zaƙi. Albasa tana bukatar sanyi tun tana ƙarama domin ta yi lawashi mai yawa, gama gwargwadon lawashi gwargwadon girman kai. Sa'an nan zafin farkon bazara ya ƙosar da ita. Wannan ne ya sa albasar Aliero a Jihar Kebbi da ta Galmi a Jamhuriyar Nijar, waɗanda sunansu ya kai ƙasashe, yawancinsu amfanin rani ne.

Akwai kuma wata fa'ida. Cututtukan da ke ruɓar da ganye da damina laima suke bi, da hunturu kuwa ba su da ƙarfi. Ciyawa ma ba ta fitowa sai inda aka zuba ruwa.

Amma ba kowane tsiro ne ke son ɗari ba. Kuɓewa da alayyafo da rama 'yan zafi ne, a tsakiyar ɗari sukan tsugune, ba su girma sosai. Ya fi kyau a jinkirta musu har wajen ƙarshen Fabrairu, su gaji wurin da aka cire latas da karas.

5. Lissafin kwanaki

Kuskuren da ya fi yawa a lambun gida shi ne makara. Mutum yakan bari sai ya ji ɗari ya shiga jikinsa sa'an nan ya tuna da iri, alhali kuwa a lokacin ya kamata a ce shukarsa ta riga ta kama ƙasa. Ga yadda lissafin yake.

Irin tumatir yakan yi kamar mako huɗu a wurin reno kafin a dasa shi. Bayan dashe yakan ɗauki kamar mako huɗu ko biyar kafin ya yi fure, sa'an nan wajen mako shida kuma kafin a fara tsinka. Wanda ya zuba iri a farkon Oktoba zai dasa a farkon Nuwamba, furensa ya fito cikin Disamba a tsakiyar sanyi, ya fara ɗiba cikin Janairu. Wanda ya bari sai ƙarshen Disamba kuwa, zai dasa a ƙarshen Janairu, furensa ya fito cikin Maris, daidai lokacin da zafi ke tasowa. Wahalarsu ɗaya, ruwan da na biyu zai ja ma ya fi yawa, amma abin da zai samu kaɗan ne.

Albasa takan yi mako shida zuwa takwas a wurin reno, sa'an nan wata uku ko huɗu bayan dashe. Karas ba a dasa shi, a wurinsa ake shuka shi, ya yi kamar wata uku. Kabeji yana bukatar wajen wata uku bayan dashe. Latas shi ne mai sauri, bai cika kai wata biyu ba, saboda haka ana iya shuka shi kashi-kashi, kowane mako biyu, domin kada ya zo gaba ɗaya.

Ya kamata malamai su lura da abu guda game da rubuta kwanan wata. Shekarar Hijira ta gaza shekarar rana da kamar kwana 11, saboda haka watan da ya faɗo cikin ɗari bana, bayan shekara goma zai faɗo cikin damina. Idan za a rubuta lokacin shuka domin amfanin baɗi, sai a rubuta da watannin shekarar rana, ko a haɗa duka biyu.

6. Ruwa

Sanyi yakan ruɗi mutum ya zaci ƙasa ba ta jin ƙishirwa. Iskar hunturu kuwa tana shan ruwa kamar yadda take busar da leɓe da diddige. A kwanakin ɗari, fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, idan shuka ta rufe shi, yana bukatar kimanin lita 5 ko 6 kowace rana. Komi, wanda waɗansu ke kira fangali, mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3, zai sha lita 15 zuwa 18. Lambu mai komaye goma zai sha lita 150 zuwa 180, watau jarka shida ko bakwai irin mai cin lita 25. Idan Maris ya shigo, bukatar takan ƙaru har ta kusa jarka goma, ga shi kuma lokacin ne rijiya ke ja da baya.

Ma'anar wannan lissafi ita ce, girman lambu ba a auna shi da yawan fili, da ruwan rijiya a watan Maris ake auna shi. Komaye biyar da suka sha ruwa har ƙarshe sun fi ashirin da aka yasar a tsakiyar hanya.

Akwai hanyoyin tattalin ruwa da ba su cin kuɗi. A yi komi ya ɗan nutsa ƙasa, a tayar masa da baki, domin ruwa ya tsaya a ciki. A yi ban ruwa da safe ko da la'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba. A rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa. Ruwan alwala da na wankin hatsi a bi da su gindin zogale ko gwanda, kada su tafi a banza. Ruwan sabulu mai yawa ne ba a so. Ruwan kwata kuwa lalle a nisanta shi da latas da kabeji da duk abin da ake ci ɗanye, gama ta nan ne ciwon gudawa da tsutsar ciki ke shiga gida. Kowace rijiyar lambu kuma a ɗaga bakinta, a yi mata murfi, saboda yara.

7. Shinge da taki

Da damina awaki da tumaki a ɗaure suke. Da an gama kawar da amfanin gona sai a sake su, kuma a duk gari babu wani kore da za su gani sai na lambu. Akuya ɗaya tana iya cinye renon wata biyu kafin mai shi ya dawo daga masallaci. Saboda haka shinge ke gaba da iri. Darnin kara ko zana ya isa, a ƙarfafa shi musamman ta gabas da arewa, domin ban da tsare dabbobi yana kuma kare iska, ya rage busar da ƙasa. Wanda ke son shinge mai daɗewa sai ya dasa lalle ko zogale a jere idan damina ta zo.

Ganyen da itatuwa ke zubarwa a wannan lokaci dukiya ce, amma yawanci sai a share a cinna masa wuta. Wutar takan tafi da mafi amfanin abin da ke cikin ganyen, ta bar toka kaɗan, wani lokaci kuma iska ta kwashi tartsatsi ta kai kan danga ko rumbu. Gobarar hunturu kuwa kowa ya san ba ta da sauƙin kashewa. Abin da ya fi shi ne a haƙa rami, a riƙa zuba ganye da kashin awaki da na kaji da 'yar toka, bene-bene, ana yayyafa ruwa, ana juyawa lokaci lokaci. Cikin wata biyu ko uku zai zama baƙin taki mai laushi. Ɗanyen kashin dabbobi ba a zuba shi a gindin ƙaramar shuka, domin yana ƙona saiwa.

8. Ƙwari

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Maganar gaskiya ce, gama ƙwaro ba ya iya motsi sosai sai jikinsa ya yi ɗumi. Mai lambun da ke zagayawa da sassafe, yana ɗaga ganyen kabeji yana duba ƙarƙashinsa, zai tsince tsutsa da hannu tun ba ta yi yawa ba.

Akwai wata tsutsa da ta cancanci a ambace ta daban, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka ne. A shekarar 2016 ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta, kuma har yanzu takan sake ɓullowa. Uwarta ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare. Tsutsar takan shige cikin ganye ta ci naman ciki, ta bar tabo fari-fari, daga nan ta huda 'ya'yan. Abin da ya shafi wannan darasi shi ne, cikin sanyi takan daɗe daga ƙwai zuwa girma, amma cikin zafi ba ta kai wata ɗaya ba. Wanda ya dasa da wuri yakan kwashe yawancin amfaninsa kafin ta yi ƙarfi. Wanda ya makara kuwa ya haɗa wa kansa zafi da tsutsa a lokaci guda.

Ganyen da ya kamu a cire shi a binne. Idan an gama ɗiban tumatir, a tuge tsofaffin itatuwan, kada a bar su su zama gidan ƙwari. Idan ta kama sai an yi feshi, a nemi shawarar malamin gona, a bi abin da aka rubuta a jikin kwalba, musamman yawan kwanakin da za a jira kafin a tsinka. Kwalbar magani kuma ba a mai da ita ta zuba mai ko ruwan sha.

9. Tanadi domin bazara

Daga Janairu zuwa Maris tumatir yakan cika kasuwa, ya yi arha har wani ya zube. Manyan ayyukan ban ruwa, irin na Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga wadda aka gama a 1974, da na Bakolori wadda aka gama a 1978, duk a lokacin suke fid da nasu. Daga Afrilu zuwa Yuni kuwa sai abin ya juya, kayan miya su yi wuya. Saboda haka ribar lambun gida ba a kasuwar Fabrairu take ba, tana cikin tukunyar watan Mayu.

Iskar da ke fasa ƙafa ita ce kuma ta fi kowace iya shanya. Tumatir a yanka shi, a baza bisa tabarma mai tsabta a kan rumfa ko soro, ba a ƙasa ko bakin hanya ba, ya zama kauɗa. Tattasai da attaruhu haka. Lawashi a daka a shanya ya zama gabu. Zogale da sauran ganye a inuwa ake shanya su, gama rana tana rage musu amfani. Albasa a daina ba ta ruwa idan wuyanta ya fara kwantawa, bayan an cire a bar ta ta sha iska a inuwa har wuyan ya bushe, sa'an nan a ajiye ta inda iska ke ratsawa, ba bisa ƙasa ba.

Wannan ba maganar daɗin baki kaɗai ba ce. Karas da zogale da alayyafo da mangwaro suna ɗauke da sinadarin da ke kare yara daga dundumi, yana kuma taimakon jikinsu wajen jure kyanda da gudawa. Gidan da ke da lambu da tanadi, yaransa ba su rasa shi a watannin da aka fi bukata.

10. Abin da ya rataya a wuyan hakimi da malaminsa

Na farko, tun cikin Satumba, kafin a gama girbi, hakimi ya tunatar da dagatai da sarakunan noma cewa lokacin zuba iri ya kusa. Tunatarwar da ta zo cikin Disamba ta makara.

Na biyu, a yi shela game da shinge kafin a saki dabbobi, kowa ya san haƙƙinsa. Inda lambuna suka kusa fadama, a tabbatar ba a toshe burtali ko mashaya ba, domin makiyayi ma a wannan lokaci ruwa yake nema. Rigimar da aka kashe cikin Oktoba da baki, ita ce wadda in an bar ta sai ta kai gaban alƙali cikin Fabrairu.

Na uku, a ja kunnen jama'a game da ƙona shara da ƙona daji, da barin rijiya a buɗe.

Na huɗu, malamin hakimi ya buɗe littafi. A kowane ƙauye ya rubuta yawan lambuna, da ranar da aka fara dashe, da watan da rijiyoyi suka fara ja, da ranar da aka fara ganin tsutsa. Idan aka ga wata cuta ko ƙwaro da ba a saba gani ba, a sanar da sashen aikin gona na ƙaramar hukuma nan da nan. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, wadda aka kafa tun 1922, da irinta, ba su sanin abin da ke faruwa a ƙauye sai labari ya kai gare su. Bayan shekara uku ko huɗu littafin zai nuna wa hakimi abin da ya dace da ƙasarsa fiye da kowace takarda.

Na biyar, hakimi ya sa a yi lambu a gidansa, ko komaye huɗu ne. Talakawa sun fi gaskata abin da suka gani a ƙofar gidan shugabansu bisa abin da aka karanta musu.

Ɗari baƙo ne mai ɗan kwana. Ranar da aka wayi gari bargo ya yi nauyi, mangwaro ya ƙulla 'ya'ya, dogon yaro ya fara sabon toho, to, ya yi sallama ke nan, kuma ba ya dawowa sai bayan wata tara. Abin da aka dasa kafin zuwansa, aka shanya kafin tafiyarsa, shi gida zai ci har shamuwa ta komo.

Tambayoyi domin bita

1. Me ya sa tumatirin da aka dasa a ƙarshen Janairu ba ya yin 'ya'ya da yawa?
2. Lambu mai komaye shida, kowane mita 1 da mita 3, jarka nawa zai sha a rana cikin Janairu?
3. Wane amfani biyu darni ke yi wa lambu?
4. Waɗanne abubuwa huɗu ne malamin hakimi zai riƙa rubutawa a littafinsa?